TAURARIN GEFE: Daso, "muguwar" da ta riƙe finafinanmu

A wannan watan ba zan ɗauko maku irin jaruman da ake manna hotonsu a tsakiyar fosta ba. Magana ce a kan marigayiya Hajiya Saratu Giɗaɗo, wadda kowa ya fi sani da Daso.

An haife ta a 1968, ta kuma shigo industiri a shekarar 2000 da fim ɗin 'Linzami Da Wuta' na kamfanin Sarauniya da ke Kano, wato kamfanin da ya yi 'Sangaya'. Ku lura, ta shigo ne tana da shekara talatin da 'yan kai, a lokacin da kasuwa ke neman 'yan mata masu rawa da waƙa. Don haka tun daga farko ba layin soyayya aka ɗora ta ba. Rol ɗin kishiya, uwar miji da makirar mace shi ya zama rabonta, kuma da shi ta yi suna a finafinai irin su 'Nagari', 'Gidauniya', 'Mashi' da 'Sansani'.

To, jama'a, mu faɗa wa juna gaskiya. Fim ɗin Hausa na wancan zamani a kan me ya ginu? Saurayi na son budurwa, ko miji na son amarya, sai wani ya shiga tsakani. In ka cire mai shiga tsakanin nan, ai kafin a gama waƙar farko labari ya ƙare. Jaruma ba ta ba mu tausayi sai an samu mai sa ta kuka. Daso ce ke wannan aikin. Harara ɗaya, tsaki ɗaya, ta riƙe ƙugu ta saki habaici, shi kenan sin ya tashi. Ba kuma ihu kawai take yi ba. Ta san inda za ta sassauta murya ta yi wa maigida daɗin baki, yana juya baya ta koma damisa. Wannan sauyin fuska cikin daƙiƙa shi ne gwaninta, kuma ba kowa Allah ya ba shi ba.

Amma irin wannan rol yana da tsada ga mai yin sa. Na farko, 'yan kallo. A nan Gagarawa, ko a Gumel, ko a rumfar masu tura finafinai a waya ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, za ka ji ana cewa ai wance ba wasa take ba, halinta ne. Haka ake yi wa Shu'aibu Lawan Kumurci saboda fitowa a ɗan daba. Alhali ita Daso mace ce mai raha, duk wanda ya ga bidiyoyin barkwancin da ta riƙa sakawa a Instagram ya shaida. Kuma Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II, a zangon farko na sarautarsa, ya ba ta muƙamin jakadiya a fadarsa. Fada kuwa ba ta ba mara ladabi wannan aiki.

Na biyu, furodusoshi. Da zarar ɗan wasa ya iya abu ɗaya, sai a ɗaure shi a nan har tsufa. Darakta ba ya son kasada, ɗan kasuwa kuma abin da ya saba sayarwa yake so.

Na uku, kuma mafi ciwo, sallama. Ba mu manta da ƙurar da ta tashi a 2022 ba, lokacin da Ladin Cima ta shaida wa sashen Hausa na BBC cewa dubu biyu zuwa dubu biyar ake ba ta in ta yi aiki. Wasu manyan industiri sun musanta, an yi ta cacar baki, amma tambayar tana nan: me ya sa iyayen fim, waɗanda ba a iya haɗa gida a labari sai da su, su ne a ƙarshen layi ranar biya?

Allah ya yi wa Daso rasuwa a Kano ranar Talata, 9 ga Afrilu, 2024, jajibirin ƙaramar Sallah, tana da shekara 56. Ta yi sahur ta kwanta, ba ta farka ba. A ranar kowa ya saka hotonta yana yabo. Madalla. Sai dai yabon nan ya fi amfani tun mutum na raye. Ga Hajara Usman nan, ga Kabiru Nakwango, ga sauran dattawan da muke gani kullum ba mu ko tsayawa karanta sunayensu a ƙarshen fim.

Shawarata ga masu shirya bikin ba da kyaututtuka: a girmama kambun mai mara wa jarumi baya kamar yadda ake girmama na jarumi. Ku kuma 'yan'uwana matasa, in ɗan wasa ya sa kun ji haushinsa har kun tsine, to ku tafa masa, aikinsa ne ya yi kyau.

Allah ya jiƙan Daso, ya sa Aljanna ce makoma. Sai wata mai zuwa, in muna da rabon gani.