Direba, hannun hagu ba wurin hutawa ba ne

Tun 1974 Ghana ta koma tuƙi a hannun dama, wato layin hagu na mai son wucewa ne. Amma je ka babbar hanyar Accra zuwa Tema ka sha kallo: tirela ta ɗauko kaya daga tashar jirgin ruwa, ko trotro maƙil da fasinja, ta kafe a hagu tana tafiyar hawainiya, a hanyar da doka ta yarda a yi gudun kilomita 100 a awa. In na baya ya gaji, sai ya kutsa ta dama, inda direban babbar mota ba ya ganinsa sosai. Daga nan sai salati.

Ni a ganina, mai tare hagu da mai gudun ganganci duk kanwar ja ce. 'Yan sandan MTTD kada su tsaya kan duba lasisi da inshora kaɗai. Wanda ya tare hanya ma a ci shi tara.

Direbobinmu na zango, daga Ashaiman har Nima, addininmu ya koya mana ba hanya haƙƙinta. In ka wuce, Malam, koma dama. Wa ya sani ko motar asibiti ce a bayanka?