Wasiƙa Zuwa ga Masu Nutso na Ƙasar Daura



Gaisuwa mai yawa gare ku sarakunan ruwa, da masuntan da ke neman abinci a dam ɗin Sabke da na Daberam, da ku da ake buga wa ƙofa kowace damina idan yaro ya faɗa kududdufi. Kuna shiga inda kowa ke gudu, Allah Ya saka muku da alheri.

Magana ɗaya ce ta sa na rubuto muku: maganin da ke sa barci ko kashe jiki, ko daga hannun likita ya fito, ko daga kemis, ko daga tiren mai talla ranar kasuwa. Duk wanda yake da shi a jini, kada ya nutsa.

Kun fi ni sanin cewa abin da ke fito da mai nutso sama shi ne ƙuncin nan na ƙirji da ke ce masa numfashi ya ƙare. Wannan ƙararrawa ce da Allah Ya sa a jiki. Taramol da kodin suna dusashe ta. Mutum zai ji kamar yana da sauran iska, ya ƙara daɗewa, ya suma a ƙasa ba tare da ya ko yi fafutuka ba. Na san dalilin da ke sa wasu matasanku haɗiyar taramol: sanyin ruwa da asuba, ciwon jiki, da tsoron taɓa gawa a cikin duhu. Dalilai ne na gaske, amma ƙwayar ba ta ƙara wa huhu komai. Sannan tana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yi ba, musamman mai lamba 225 da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya, alhali abin da hukuma ta amince da shi 50 ne da 100. Jijjiga a tudu, mutum ya faɗi a tashe shi. A ruwa kuwa sai dai a tsamo gawa.

Gwamnatin Tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi tun watan Mayun 2018, amma ku kun san bai ɓace ba. Ita kuma Valium, wadda aka sha da dare don samun barci tana nan a jini washegari, har jibi. Hannu ya yi nauyi wurin kwance taru daga ƙafa. Ko Piriton na mura yana sa gyangyaɗi.

Ga ƙannenmu da ke zuwa Legas da Fatakwal koyon nutso da tukunyar iska a baya, naku haɗarin ya ninka. Kowace mita 10 nauyin ruwa yana ƙaruwa a kan jiki, kuma wajen mita 30 iskar da ake shaƙa tana kawo wani irin maye da ke rikita tunani. Maganin barci yana hawa kan wannan mayen. Haka ma maganin farfaɗiya mai sa barci, ga kuma haɗarin jijjiga a ruwa; shi ya sa likitocin masu nutson nishaɗi a Birtaniya ba sa barin mai farfaɗiya ya nutsa sai ya shekara 5 ba faɗuwa kuma ba magani. Idan aka ba ku takardar gwajin lafiya, kada ku ɓoye abin da kuke sha don gudun rasa aiki.

Sai 'yan'uwanmu da likita ya ɗora a kan maganin damuwa, ko na taɓin hankali, ko na farfaɗiya. Ku ne kuka fi tsaya mini a rai. Ciwo ba abin kunya ba ne, kuma don Allah kada wani ya karanta wasiƙar nan ya jefar da maganinsa domin ya koma ruwa. Dainawa farat ɗaya tana dawo da ciwon da ƙarfinsa, wani lokaci har da jijjiga. Abin yi shi ne a koma asibiti a faɗa wa likita ƙarara: sana'ata nutso ce. Yawancin likitoci ba za su tambaya ba sai ka faɗa. Magunguna irin su amitriptyline da Largactil da phenobarbitone suna sa barci da jiri, amma akwai na damuwa da ba su cika yin haka ba, kuma likita ne zai san ko za a iya sauya maka, da tsawon jiran da za ka yi. Kafin nan, riƙon igiya da tuƙin jirgi tare da abokin aiki ma aiki ne. Mai farfaɗiya kuwa, wurinsa bakin gaɓa.

Sarakunan ruwa, maganarku ce yaran nan ke ji. Kafin ku tura kowa ƙasa, ku ja shi gefe ku tambaye shi me ya sha jiya da yau. Kada kowa ya nutsa shi kaɗai, kada ya nutsa ba igiya a ƙugu. Wanda kuka ga idonsa ya yi nauyi, ku mayar da shi gida ko da iyayen wanda ya nutse suna kuka a gabanku.

Wassalam.