Telebijin mai intanet: a sayi allo, kada a sayi alkawari

A kasuwannin Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, mai neman sabon akwatin telebijin yakan ji magana guda daga bakin mai kanti: wannan da intanet a cikinsa. Maganar gaskiya ce. Telebijin na Samsung da LG da makamantansu suna zuwa da ƴar ƙaramar kwamfuta a ciki, wadda ke buɗe YouTube da Netflix ba tare da an haɗa wani abu ba. Amma kafin magidanci ya ƙirga jikunansa, ko ma'aikacin gwamnati ya sa hannu a takardar saye, akwai abin aunawa.

Allon telebijin yana iya shekara 10 yana aiki. Kwamfutar da ke cikinsa kuwa da wuri take tsufa, domin kamfanonin da ke aiko da hotuna ta intanet kullum suna sake tsarinsu. A shekarar 2015, YouTube ya daina buɗewa a wasu telebijin na Sony da Panasonic da aka ƙera a 2012 ko kafin nan. A watan Disamba na 2019, Netflix ya yi haka ga wasu na Samsung ƙirar 2010 da 2011. Hoto yana nan garau, murya lafiya lau, amma ƙofar da aka ƙara kuɗi dominta ta rufe.

A nan ne amfanin ƴar na'urar da ake sayarwa dabam yake bayyana. Apple TV ta fito a 2007, Roku a 2008, Chromecast ta Google a 2013 bisa dalar Amurka 35, Fire TV ta Amazon a 2014. Ana soka su a ramin HDMI na bayan akwatin, sai tsohon allo ya sami intanet. Su ma suna tsufa: a wancan watan na 2019 Netflix ya bar tsofaffin Roku, kuma Google ya daina ƙera Chromecast a 2024. Sai dai canza su ba ya karya aljihu. In linzami ya tsinke, linzami ake sakewa, ba doki ba.

Ba a ce intanet na cikin akwati ba shi da amfani ba. Telekomand guda, wayar kuran guda, babu tarkace. Wannan sauƙi ne ga gidan da ke da tsofaffi da yara. A 2024 ma Samsung ya yi alkawarin gyara tsarin sabbin telebijin nasa har shekara 7. Mai saye ya tambayi irin wannan wa'adi kafin ya biya.

Sauran abu biyu da suka shafi akwatin da na'urar baki ɗaya. Na farko, babu wanda ke ba da intanet kyauta a cikinsu. Bisa lissafin Netflix, kallon awa guda yana cin kusan jiga 1 a hoto na yau da kullum, har zuwa jiga 3 a hoto mai kyau, har jiga 7 a mafi kyau. Na biyu, abin da ake kallo shi ma yana kallon mai shi. A 2017 kamfanin Vizio ya yarda ya biya dalar Amurka miliyan 2 da dubu 200 a Amurka, saboda ya tattara bayanin abin da ake kallo a telebijin miliyan 11 ba da izinin masu su ba. Don haka telebijin na ofis ko na zauren taro kada a haɗa shi da intanet sai in aiki ya bukata.

Ashe hanya a fili take. A zaɓi telebijin don kyan hotonsa, ƙarkonsa, ƙarancin cin kuran, da ramin HDMI fiye da ɗaya. Intanet ɗin da ya zo da shi a ɗauke shi gyara ne bisa ciniki. Ranar da ya gaza, ƴar na'ura ta maye gurbinsa. Kuɗin iyali da na baitulmali da gumi ake samun su, bai kamata a zubar da allo mai lafiya ba don kwamfutar cikinsa ta tsufa.