A Duba Kwamfuta Kafin A Aika Da Ita Gida

Ran 14 ga watan Oktoba na shekarar 2025 kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro, in ban da waɗanda suka shiga wani shiri na ƙarin wa'adi na ɗan lokaci. Labarin bai yi ƙara ba a zangunan 'yan Arewa na Ikko da Badun da Fatakwal, alhali kuwa ya shafe su ƙwarai da gaske.

Dalili shi ne, magidanci yakan yi wata da watanni yana tara abin da ya samu a kasuwar Mile 12 ko ta Agege, sa'an nan ya shiga kasuwar kwamfutoci ta Ikeja ya sayo ta gwanjo, ya ba direban motar dare ya kai wa ɗansa da ke makaranta a gida, misali a Paikon Kore ta ƙaramar hukumar Gwagwalada cikin yankin Abuja. Niyya kyakkyawa ce. Amma da yawa daga cikin tsofaffin na'urorin nan ba za su iya ɗaukar Windows 11 ba, ga shi kuma akan ɗora wa waɗansu manhajar sata wadda ba a san abin da aka cusa cikinta ba.

Windows ita ce uwar manhaja, watau wadda ke tafiyar da na'urar dukanta, kuma ita ke tsaron ƙofa. Duk sa'ad da aka gano wata kafa a jikinta, masu ita kan aiko da faci a toshe. In aka daina aikowa, kafar tana nan buɗe ga kowane ɓarawo. An ga haka cikin watan Mayu na 2017, lokacin da muguwar manhajar nan WannaCry ta kulle kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kamar 150, har asibitocin gwamnati na Ingila suka riƙa mai da marasa lafiya gida. Abin takaici, tun watan Maris na wannan shekara aka fitar da facin, ba a dai ɗora ba ne. To, in asibitin Ingila ya ji jiki, ina ga na'urar da yaro ke duba asusun bankin ubansa da ita?

Ba sai an jefar da tsohuwar kwamfuta ba. Akwai Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya soma a 1991. Kyauta ake samunta, ana toshe kafofinta a kai a kai, tana kuwa tafiya lafiya lau a kan na'urar da Windows 11 ta ƙi. Mafi yawan manyan na'urorin da ke riƙe da intanet da ita suke aiki, har wayar Android da ke aljihun kowa a kanta aka gina ta. Haka nan kayan aikin masu rubuta manhaja, irin su harshen Python da Git, wanda shi Torvalds ɗin ya ƙirƙira a 2005 don ajiye tarihin kowane gyara da aka yi wa aiki, babu wanda ake biyan ko kwabo a kansa. Da irinsu ne injiniyoyin manyan kamfanonin duniya suke cin abinci.

Mazauna Ikko shaida ne. A nan Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa Paystack, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020 a kan kuɗi fiye da dala miliyan 200. Lalle ba kowane yaro ne zai kai can ba, kuma sana'ar tana cin shekaru kafin ta ciyar da mutum. Amma bankuna da ma'aikatu suna neman masu tsare musu na'urori, aiki ne na halal, wanda ya bambanta da damfarar intanet da dokar 2015 ta tanadi ɗauri a kanta.

Saura na hukuma. Hedkwatar NITDA, hukumar raya fasahar sadarwa da aka kafa a 2001, tana cikin birnin Abuja. Jami'ar Abuja da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Kwali duka maƙwabtan Gwagwalada ne. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin 3MTT don horar da matasa miliyan 3. Duk da wannan kusanci, in aka ambaci Paikon Kore a ofisoshin birni, gandun kiwon dabbobinta ake fara tunawa. 'Ya'yan manoma da na makiyayan wurin suna da hakki a shirin nan daidai da 'ya'yan Maitama. Ya kamata ƙaramar hukumar Gwagwalada ta keɓe ɗaki guda a garin, mai wutar hasken rana da layin intanet, ta nemo malami daga jami'a.

Su kuma Sarakunan Hausawa da shugabannin rassan jam'iyya a unguwannin Sabo, wajibi ne su nemo amintaccen mai gyara a kowane zango, wanda zai goge kwamfutar gwanjo sarai, ya ɗora mata Linux da Python da Git a gaban mai ita, kafin a miƙa ta ga direba a tasha.