Ko Dai Filin Ne Ya Karkace?

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, ku yi mini uzuri zuwa mako mai zuwa. Wata rigima ce ta masana taurari ta tsaya mini a rai, kuma na ga ta yi kama da matsalar da mu marubuta muke fama da ita.

Duk wanda ya taɓa rubuta littafi ya san inda labari ke cijewa. Ka kai babi na goma, lissafi ya ƙi fita, to hanya biyu ce gare ka. Ko dai ka ƙirƙiro wani kawu mai dukiya da ba a taɓa jin sunansa ba ya zo ya warware komai, ko ka koma ka rushe ginin labarin tun daga tushe. Ta farko ta fi sauƙi, ni ma na sha bin ta.

To ashe masana ma haka suke. A 1846 wani Bafaranshe, Le Verrier, ya lura duniyar Yuranos tana kauce wa hanyar da lissafin Newton ya shata mata. Sai ya ce lallai akwai wata duniya a ɓoye da ke jan ta. Aka saita madubin hangen nesa a Balin, sai ga Naftun kusan daidai inda ya nuna. Kawu ya bayyana! A 1859 ya sake gwada dabarar a kan Makyuri, duniyar da ta fi kusa da rana, har aka raɗa wa ɓoyayyiyar suna Vulcan. Aka yi ta nema shekara da shekaru, babu ita babu dalilinta. Sai a 1915 Einstein ya ce filin ne da kansa ya lanƙwashe. Ka ɗora dutsen niƙa a kan katifa ka gangaro da ƙwallo, za ka ga ta karkata ba tare da kowa ya taɓa ta ba. Haka rana ke yi wa sarari. Lissafinsa ya biya bashin Makyuri cif, kuma husufin ranar 29 ga Mayu 1919, wanda aka auna a Burazil da tsibirin Principe da ke tekun Gini, ya nuna hasken taurari ma yana lanƙwasa.

Yanzu an sake komawa mararrabar nan. Tun 1933 Fritz Zwicky ya ga garken taurari suna gudun da ya kamata a ce sun tarwatse. A shekarun 1970 Vera Rubin ta auna taurarin da ke bakin garke, ta tarar ba sa rage gudu kamar yadda lissafi ya ce. Mafi yawan masana suka ce akwai wani baƙin abu da ba ya haske, wanda nauyinsa ya ninka duk abin da muke gani kusan sau 5. An haƙa ramuka a ƙarƙashin ƙasa a Amurka da Italiya da Sin ana dakonsa, na'urar CERN da ta gano ƙwayar Higgs a 2012 ita ma ta laluba, amma ba a kama ƙwayarsa ko ɗaya ba.

A nan ne nake cewa a daina yi wa ɗaya ɓangaren kallon mahaukata. A 1983 Mordehai Milgrom na Isra'ila ya ce ƙila dokar janyowa ce ke sauyawa idan jan ya yi rauni ƙwarai, kuma dabararsa tana faɗin gudun taurari a garke da dama daga haskensu kawai. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai fa ba zan yi son kai ba, don na fi son labarin mai gyara fili. A 2006 an nazarci wasu tarin garke biyu da suka yi karo, aka ga yawancin nauyin ya wuce gaba ya bar iskar gas a baya, kamar dai da gaske akwai abin da ba a gani. A 2017 kuma wasu matattun taurari biyu suka gwabza, girgizar sarari da haskensu suka iso mana bayan tafiyar shekara kusan miliyan 130 da ratar da ba ta kai daƙiƙa 2 ba. Wannan awo kaɗai ya binne da yawa daga sababbin ra'ayoyin siffar sarari, domin sun ce gudun biyun zai bambanta.

Abin da ke ba ni haushi shi ne masu fitowa da zane mai kyau, su ce sun warware komai, alhali babu lamba ɗaya da za a je a auna. Einstein bai ce a yarda da shi don zanensa ya yi kyau ba, cewa ya yi ku jira husufi ku duba. Mai sabon ra'ayi ya faɗi abin da za a gani, ya kuma faɗi abin da in an gan shi ya janye maganarsa. Su ma masu baƙin abu ina da tambaya gare su: shekara nawa za a ƙara ana jiran kawun nan kafin a yarda a sake duba filin?

Sai mun haɗu a babi na gaba, in Allah Ya kai mu.