Fentin Sanyaya Titi: A Fara da Inuwa Tukuna

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci kan wata dabara da wasu biranen duniya suka runguma don rage zafi, wato shafa wa kwalta fenti mai haske.

Hikimar abin ba ɓoyayya ba ce. Baƙar kwalta tana shanye zafin rana tun hantsi, ta riƙe shi, sai bayan magariba ta riƙa fitar da shi. Shi ya sa dare ba ya hucewa a cikin birni kamar yadda yake hucewa a ƙauye. Fenti fari ko ruwan toka kuwa yakan mayar da wani kaso na hasken rana sama kafin ya zama zafi. Birnin Los Angeles na Amurka ya fara shafa shi a titunan unguwanni a 2017, Phoenix ta jihar Arizona ta bi sahu a 2020. Ba banza ba: a 2023 Phoenix ta yi kwana 31 a jere zafin rana yana kaiwa digiri 43 ko fiye. Alhazanmu ma sun taka irin wannan fenti a Arfa, inda hukumomin Saudiyya suka shafa shi a kewayen Masallacin Namira.

Sai dai akwai abin lura. Da masana Jami'ar Jihar Arizona suka auna titunan Phoenix, sun tarar zafin saman kwaltar ya ragu da kimanin digiri 6 da tsakar rana, amma zafin iskar da mutum yake shaƙa bai ragu da ko digiri 1 ba. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, mai tafiya a kan titin da rana tsaka zafin da ke dukan jikinsa ƙaruwa ya yi da kusan digiri 3, domin hasken da kwaltar ta ƙi sha a jikinsa yake sauka. Ke nan titi ya sami sauƙi, mai tafiya a ƙasa bai samu ba.

Wannan darasi ya shafe mu, domin bazarar Sakkwato, Maiduguri da Yamai takan wuce digiri 40. Su wa ke wuni a bakin titinmu? Mai faci da ke durƙushe kan taya, yarinya mai tallan ruwan leda, ɗan adaidaita sahu mai jiran fasinja. Waɗannan bayin Allah inuwa suke nema. Duk wanda ya ga yadda ake cincirindo a gindin darbejiya ɗaya tilo bayan azahar ya san haka. Ga kuma ƙurar hunturu da yashi, waɗanda za su dusashe hasken fentin, a koma sake kashe kuɗi, alhali yawancin lungunanmu ko kwaltar ba su gani ba.

Ba ina cewa fentin ba shi da amfani ba. A filin ajiye motoci ko saman rufin kwano, inda hasken zai tafi sama ba tare da ya doki kowa ba, yana da rana. Amma a titin da jama'a ke bi, itace ne gaba.

Don haka ina kira ga gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi da su sanya dashen itatuwa da kula da su cikin kowace kwangilar titi, su daina barin a sare tsofaffin itatuwa ba tare da an maye gurbinsu ba, su kuma kafa rumfuna a tashoshi da kasuwanni. Mu ma magidanta, kowa ya dasa ɗaya a ƙofar gidansa a daminar bana, ya shayar da shi har ya kama. Allah Ya ba mu ikon yi, amin.

Naka mai karatu a kullum,
daga Sakkwato.