A Duba Haƙori Kafin A Fara Babban Magani

Ma'aikacin gwamnatin da aka shaida wa za a yi masa dashen ƙoda, ko sauyin bawul ɗin zuciya, ko gashin ciwon daji a wuya, da wuya haƙorinsa ya faɗo masa a rai. Hankalinsa na kan kuɗi da hutun jinya, da biza idan Indiya ko Masar za a nufa. Alhali ruɓaɓɓen haƙori guda mai tara mugunya a ƙarƙashin dasashi, wanda wataƙila ko ciwo ba ya yi, yana iya ɓata aikin miliyoyin naira.

Baki matattarar ƙwayoyin cuta ne, kuma sukan bi ta dasashi mai rauni su shiga jini. Mai ƙoshin lafiya garkuwar jikinsa kan gama da su. Wanda aka dasa wa ƙoda kuwa, da gangan ake danne masa garkuwar da magunguna don kada jikinsa ya ƙi baƙuwar ƙodar. Haka kuma maganin kemo ke karya fararen ƙwayoyin jini. Ga mai sabon bawul, ƙwayoyin kan maƙale a jikinsa su haddasa cuta mai kisa. Gashi kuma na rage jinin da ke isa muƙamuƙi, ta yadda idan aka cire haƙori daga baya, gurbinsa na iya ƙin warkewa har ƙashi ya mutu. Shi ya sa likitoci ke son a cire abin cirewa tun da wuri, a bar kimanin mako biyu kafin a fara gashin.

Wannan mako biyun shi ne abin da jinkiri ke cinyewa. A tsarin inshorar ma'aikatan tarayya, ganin likitan haƙori sai da takardar turawa da lambar izini daga kamfanin inshora, wadda kowa ya san ba ta fitowa da gaggawa. Sai likita ya zaɓi tsakanin ɗage maganin daji da fara shi a kan baki mai cuta.

Ya kamata Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, wadda dokar 2022 ta faɗaɗa ikonta, ta haɗa duba haƙori da hotonsa cikin izinin babban magani tun daga farko. Manyan asibitocin tarayya su sa shi cikin jerin gwaje-gwajen wajibi, daidai da gwajin jini. Hadiman da ke shirya wa iyayen gidansu tafiyar jinya kuma, su nemi ganin likitan haƙori kafin su yanki tikiti.